Ta'aziyyar Gem Oba

Idan ka tashi a Fagge ba ka san Baba Jimoh ba, to kai yaron kirki ne, ba ka taɓa zillewa daga Islamiyya ba. Mu da muka zille mun san shi sarai. Shi ne ya buɗe gidan gem na farko a layinmu a shekarar 1998, kuma tun daga ranar ya yi sallama da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Ka ce "Baba Jimoh" sau uku ba zai waiwayo ba. Sai ka ce "Gem Oba" sannan kunnensa ya buɗe.

Ga yadda aka yi naɗin. Boniface, mai sayar da kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari, shi ya kawo masa injin daga Legas. Akwati ne tsayayye mai tsawon firij, da allo irin na talabijin, da 'yar sandar juyawa, da maɓallai shida. Ka zura kwandalar ƙarfe a wani ɗan rami, sai ƙatti biyu su bayyana su hau dambe, ɗaya naka, ɗaya na injin. Baba Jimoh ya naɗe hannun riga ya zura kwandala. Kafin ya gano wanne ne nasa a cikin ƙattin, har an shimfiɗe nasan a ƙasa. Allon ya yi ja, wata murya mai kauri ta fito daga cikin akwatin ta ce, "Gem oba."

Turanci ne, kuma ma'anarsa wasa ya ƙare, an cinye ka, matsa ka ba wani wuri. Amma Baba Jimoh Bayarabe ne, kakansa daga Ogbomoso ya zo Kano, kuma a Yarbanci oba sarki ne. Boko kuwa a aji uku na firamare suka rabu, ko da yake shi cewa yake malaman ne suka ƙare abin koya masa. Sai ya daka tsalle ya rungumi Boniface.

"Oga Boni, ka ji abin da na ji? Taɓawa ɗaya na yi ya gane jinin sarauta! Sarkin Gem!"

Boniface ya buɗe baki zai yi bayani, Baba Jimoh ya riga shi: "Ka ƙaro min uku irinsa." Boniface ya rufe bakinsa, bai kuma sake buɗe shi a kan wannan magana ba har shekara ashirin da biyar.

Mu ma ba mu fi Boniface gaskiya ba. Duk ranar da injin ya naɗa Baba Jimoh, sai ya ɗebo kwandaloli ya raba mana kyauta don murna. Ni Quadri, da yanzu nake ɗinki a shagon da ke kallon nasa, ni ne shugaban masu zuga shi. Da aljihunmu ya bushe sai in matsa kusa da kujerarsa in ce, "Baba, yau fa ba a naɗa ka ba." Sai ya miƙe yana gyara hula. In kuwa ɗayanmu aka cinye, muryar ta faɗi kalmar, sai ya ɗaga hannu daga inda yake zaune ya ce, "Na amsa." A ganinsa injin gaishe shi yake. Yakan ce mana, "Ku sai kun yi rabin awa kuna zufa kafin ya tuna da sunana. Ni minti ɗaya ya ishe ni." Wani ɗan sakandare ya taɓa ƙoƙarin yi masa fassara. Baba ya kore shi saboda hassada, mu kuma muka raka shi har bakin titi da ranƙwashi, don ya kusa toshe mana hanyar abinci.

Shekarun nan kam an sha daɗi. Inji huɗu, layi har bakin kwata, masu zoɓo da masu awara sun kafa kasuwa a ƙofa, iyaye mata suna zuwa da bulala suna zaƙulo 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Yaran Sabon Gari ma tsallako titi suke su zo. Sai zamani ya juya masa baya. Da farko aka fara kawo ƙananan na'urori da ake jona wa talabijin, kowane zaure ya zama gidan gem. Daga baya waya ta zo ta kwashe kowa da kowa. Yaron yanzu yana kwance a ɗakin uwarsa yana harbin wani yaro da ke Indiya, me zai kai shi bin layi a shagon Baba Jimoh? Inji uku suka mutu, ɓeraye suka tare a ciki da iyalansu. Na huɗun yana numfashi da ƙyar. In ka tambayi Baba ina yara, sai ya ce tsoro ne ya kore su, sun gaji da ganin ana naɗa shi.

Matarsa Rukayat, da muke kira Iya Fathia, amala, tuwon Yarbawa, take sayarwa a 'yar rumfar buhu a bakin kwata, taku goma daga shagon. Shekara uku tana roƙon ya bar mata wurin, shekara uku yana cewa zai duba. Ran nan cikin Agusta aka yi ruwa da iska, rumfar ta tashi sama, miyar ewedu ta bi kwata. Ta shigo shagon a jiƙe sharkaf da muciya a hannu. Ni da Boniface muna ciki mun fake.

"Baban Fathia, shagon nan nake so."

"Fada ake ba mai tuwo?"

"Fada ce? Ina fadawan?"

"Suna nan. Kira kawai suke jira."

"To kira su. Asabar ta sama, mutum ashirin su zo su buga injin nan kafin a kira la'asar. In sun cika, ba zan ƙara yi maka maganar shago ba har in mutu. In ba su cika ba, ka miƙo makulli."

"Ashirin? Kin raina ni. Ki ce ɗari biyu."

"Na ce ashirin, har kai a ciki. Tausayinka nake ji."

Aka sa mu shaida. Baba Jimoh ya ce in rubuta a takarda, don kada gobe ta ce ba ta ce ba.

Washegari ya ja ni Sabon Gari wurin Chibuike, mai buga katin biki da takardun talla. Tun a hanya yake zayyana min shirin: rumfa ta haya, kujeru ɗari, lasifika, bana, wato ƙyallen talla, mai faɗin shagon, da takardun talla ɗari biyar. Ya ce ranar Asabar sai an rufe titi, sai masu wayoyi sun zo sun zubar da wayoyinsu a gabansa suna neman gafara.

Ya ce wa Chibuike, "Ka rubuta Gem Oba da manyan baƙaƙe, da Turanci, yadda injin yake rubutawa."

Chibuike ya dube ni. Ni kuma na ga silin ɗinsa yana da kyau, na tsaya kallo.

"Ka sa hotona a tsakiya, wannan da na sa babbar riga. A ƙarƙashi ka sa 1998 zuwa 2023."

"Alhaji, in na sa haka mutane za su ɗauka cewa..."

"Za su ɗauka mulkin ya daɗe. Abin da nake so ke nan."

Chibuike ya buɗe kwamfuta yana nuna masa irin adon da ake zagaye hoto da shi. Ya zo kan wani mai gajimare da fararen tattabaru zai wuce da sauri, Baba Jimoh ya riƙe masa hannu.

"Tsaya! Wannan."

"Alhaji, wannan na mutanen da suka tafi ne."

"Ni ma na tafi. Na yi nisa, ba a kamo ni. Sa shi."

"Ka tabbata?"

"Kai ɗan nan, ka taɓa yin sarauta? Buga abin da aka ce maka. Can ƙasa kuma ka sa da Hausa: Ranar Asabar kowa ya zo ya kwashi rabonsa."

Nufinsa gem kyauta. Chibuike ya ɗaga kafaɗa ya buga. Kafin Laraba, daga Bata har Kasuwar Singa, da kowane bango na Sabon Gari, ga Baba Jimoh yana murmushi a cikin gajimare, tattabaru na shawagi a kansa, sama an rubuta GAME OVER, ƙasa ga shekarun farawa da ƙarewa. Duk wanda ya zauna a Sabon Gari ya san takarda mai wannan fasali abu ɗaya take sanarwa.

Da a ce yana yawo a unguwa da abin ya zo da sauƙi. Amma ranar Alhamis ya shige shagon da tabarma da buta ya kulle kansa, wai zai yi atisaye, kuma sarki ba ya nuna fuska kafin ranar fita. Ya ce min ta ramin ƙofa, "Duk wanda ya tambaye ka, ka ce na shige, sai Asabar za a fito da ni." Ni kuwa ɗan aike ne mai riƙon amana. Haka na riƙa faɗa, kalma da kalma.

Mutanen Sabon Gari suka ce jana'iza ce ranar Asabar. Mutanen Fagge suka ƙirga daga Alhamis suka ce a'a, an riga an kai shi, sadakar uku ce. 'Yan gwanjo da 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ba su damu da wannan saɓani ba, su layin ƙarshe kawai suka karanta.

Ranar Juma'a aka fara tururuwa wurin Iya Fathia, tana tuƙa amala a rumfarta da ta ɗaɗɗaure da igiya.

"Iya Fathia, ya haƙuri?"

"Shekara talatin ke nan ina yinsa."

"Ashe haka abu ya faru. Ya daɗe yana jinya?"

"Ciwon ya daɗe. A ka yake."

"Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan."

"Amin. Gobe da la'asar, in sha Allahu."

Ta gane kuskuren tun daga mutum na biyu, amma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sayi malmala biyu don ya taimaki marayu, saboda haka ba ta ga dalilin gaggawar gyara ba. Ni ne dai na ga abin ya wuce wasa. Na je na buga ƙofar shagon.

"Baba, gari ya ɗauka ka mutu."

"Masu hassada ne. Ina zaune a kujera ma sun sha faɗa."

"Da gaske nake. Ana ta zuwa ta'aziyya."

"Mutum nawa?"

"Layin ya cika."

"To me kuma kake so? Ta ce ashirin!"

Asabar da hantsi titin ya toshe, kamar yadda ya yi alkawari. Madam Obiageli, mai sayar da atamfa, ta jagoranci matan layinsu na kasuwa cikin anko, da kula uku na shinkafa, suna waƙar coci a hankali. A ɗaya gefen an shimfiɗa tabarmi, dattawan unguwa sun samo wani malami yana jan addu'a. Can baya 'yan gwangwan sun jera kurarsu suna jiran a buɗe ƙofa. A kujerar gaba akwai Madam Veronica, tsohuwar malamar Turanci da ta yi ritaya, wadda ta ce ba ta san mamacin ba, benci ta zo nema don ɗaliban da take koyarwa a gida. Mu ma tsofaffin 'yan gem mun hallara, kowa da tumbinsa da furfurarsa. Waɗanda ba su san gaskiya ba har da share hawaye. Boniface ya iso, ya karanta banar da ke saman shagon, ya dafe kai.

Bayan azahar Baba Jimoh ya tayar da janareta a bayan ƙofa. Tsohon janareta ne mai cin baƙin mai, hayaƙi ya fara bulbulowa ta ƙarƙashi. Sai ƙofar ƙarfen ta yi wata doguwar ƙara ta buɗe. Ga shi tsaye a cikin hayaƙi, fari fat daga hula har ƙasa, kwana uku ba aski, ido ya faɗa, ya ɗaga hannu biyu sama.

Madam Obiageli ta ƙwalla ihu, "Chineke!" Kula ɗaya ta kife. Matan anko suka watse, kujeru suka bi su. Malamin addu'a, dattijon da ake riƙe wa hannu in zai hau babur, ya tsallake kwata da tsalle ɗaya ya bar takalmansa.

Baba Jimoh ya dube ni yana murmushi. "Quadri, ka ga kwarjini?"

Da ƙyar aka tattaro mutane. Madam Obiageli ce ta fara matsowa, ta sa yatsa ta taɓa kafaɗarsa, ta ji nama ne. Nan take tsoron ya koma faɗa.

"Alhaji, ba ka mutu ba?"

"Wa ya ce na mutu?"

"Takardarka! Na rufe shago ranar Asabar, mun dafa shinkafa tun asuba, jiya na yi kuka har kaina ya yi ciwo!"

"Sai ki yi haƙuri."

"Ba zan yi ba! Kukan nan wa zai mayar min da shi?"

"Ki ajiye shi, wata rana zai yi amfani," in ji Iya Fathia daga rumfarta.

Ana wannan, 'yan gwangwan sun ga ƙofa a buɗe. Su ba ruwansu da ko mai kaya yana raye. Benci huɗu suka fita a kan kawuna. Fanka ta bi, agogon bango ya bi, matattun injinan nan uku suka hau kura, ɓeraye na dirowa suna neman sabon gida a ƙarƙashin zannuwan matan anko. Baba Jimoh ya cafko rigar wani.

"Kai! Ina za ka kai min inji?"

"Rabona ne, Baba."

"Wane rabo?"

"Ga takarda. Ko ba kai ne a cikin gajimaren nan ba?"

Kafin ya saki rigar, wani ya wuce ta bayansa da gwangwanin da ake tara kwandaloli. Boniface ne ya yi ta maza, ya rungume inji mai rai ya ce sai dai a ɗora su tare a kura. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage a fadar shi ne inji ɗaya da janaretansa, tabarma, buta, da kwandala guda da ta maƙale a aljihun babbar riga.

Boniface ya duba agogo ya ce, "Alhaji, ba a rasa komai ba tukuna. Saura awa ɗaya da rabi. Duk wanda ya buga, zan buɗe bayan injin in ciro kwandalar in ba na gaba."

Gaskiya a nan tausayinsa ya kama ni. Mutumin nan ya ciyar da mu gem kyauta shekara da shekaru a kan ƙaryar da muka taya shi riƙewa. Na zagaya na tattaro tsofaffin 'yan wasa, har da wani da ya zama lauya da wani mai sayar da taya, muka cika sha tara cif. Muka janyo injin ƙofar shago muka yi layi kamar da. Iya Fathia ta ƙirga mu da muciya daga inda take, fuskarta ta canja. Shagon ya kusa kuɓuce mata, ta san haka.

Abin da ya rage kawai Baba Jimoh ya buga nasa ya matsa. Sai ya ce sarki ba ya fara aiki ba jawabi. Ya karɓi makirufo ya ɗauko tarihi tun daga kakansa. Ya bi ta kan yadda Turawan da suka ƙera injin suka sa masa sunansa a ciki ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Ya zagi waya, ya zagi masu waya, alhali rabin taron sun ɗaga wayoyin suna ɗaukarsa. Minti arba'in suka tafi.

"Yanzu ku kasa kunne," in ji shi. "Yara na yin rabin awa. A da ina yin minti ɗaya. Kwana uku na yi ina atisaye, yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba."

Ya sa aka kara makirufo a bakin injin. Ya zura kwandala. Sakan goma sha ɗaya aka yi, ƙaton injin ya ɗaga nasa ya maka da ƙasa. Lasifika ta ɗauki muryar ta watsa har Bata: "Gem oba."

Baba Jimoh ya juyo ya ɗaga hannu. Mu sha tara muka tafa, don hannunmu ya saba.

Sai Madam Veronica ta miƙe. Dama ranta a ɓace yake, an riga ta benci. Ta taka a hankali ta zare makirufo daga hannun mai riƙe da shi.

"Shekara talatin da biyar ina koyar da Turanci," in ji ta, "ban taɓa zama ana tafa wa wanda ya faɗi jarrabawa ba, kuma ba yau zan fara ba. Alhaji, oban nan ba na Yarbawa ba ne. Na Turawa ne. Cewa yake wasa ya ƙare. An cinye ka. Ka tashi ka ba wani wuri."

Baba Jimoh ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kun ji wata kuma. Oga Boni, gaya mata."

Boniface ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, takalmin kuwa silifa ne.

"Quadri, kai gaya mata."

Na ce, "Baba, ai Turanci yana da faɗi."

Ya bi layin da kallo, mutum sha tara, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Lauyan ma sama yake kallo. Dariyar ta bushe a fuskarsa. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na riga kowa shiga.

Sai ya juya ya ce, "To. Oga Boni, ciro kwandalar."

Boniface ya ciro zai miƙo min, Baba ya fizge.

"Baba, layina ne," na ce.

"Ba wanda zai taɓa injin nan sai na kayar da ƙaton can. A gaban idonku."

Ya zura. Sakan ashirin, aka shimfiɗe shi. Ya ce sandar ce ta yi tsauri. Ya sake, aka shimfiɗe shi, ya ce rana ce ke haska allon. Aka kawo lema. Ya sake, ya ce inuwa ta yi yawa. A karo na biyar ya tuɓe babbar riga, a na bakwai ya jefar da hula. Taron da ya zo kuka ya gyara zama. Madam Obiageli ta ce tunda an riga an dafa, a raba, aka bi mutane da shinkafa a leda. Duk lokacin da allon ya yi ja, ba a ma jiran muryar, titi gaba ɗaya ke ɗauka: "Gem oba!" Malamin addu'a, da ya dawo neman takalmansa, shi ke ƙirga faɗuwar da carbi.

"Alhaji, saura rabin awa," in ji Boniface. "Ka bar su su buga, kowa minti ɗaya, shagonka ya tsira. Gobe ka kayar da shi a nutse."

"Na kusa. Ba ka ga ya fara haki ba?"

"Baba, inji ne," na ce.

"Kai rufe min baki, maci amana!"

Muka roƙe shi da Hausa, muka roƙe shi da Yarbanci, lauya ya roƙe shi da Turancin da ya jawo masifar. Mai taya ya ce a ɗauke shi caɗak, Baba ya rungume sandar ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Iya Fathia kuwa ta aiko masa da ruwa mai sanyi, ta ce a gaya masa ya dage, tana bayansa.

Yana cikin karo na ashirin da uku ladan ya ɗaga murya.

Aka tafi salla. Da muka dawo taron ya watse, sai ledojin shinkafa da kujeru a kife. Baba Jimoh yana zaune a dokin ƙofa da singileti, kwandalar a tafin hannunsa. Iya Fathia ta zo ta tsaya a kansa, tsintsiya a hammata.

"An buga fiye da ashirin," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba.

"Mutum ashirin na ce. Ban ce mutum ɗaya sau ashirin ba. Ga shaidu."

Ya ɗago kai ya dube ta. Can ya ce, da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba, "Rukayat, ke ma kin sani?"

"Baban Fathia, na fa gama sakandare."

"Shekara ashirin da biyar ba ki faɗa min ba."

"Duk ranar da injin nan ya cinye ka, da tsire kake shigowa gida, kana dariya, kana goya yara. Maza nawa ne a layin nan ake cinye su a waje su dawo gida da fara'a? Na ce bari in bar mutum da abinsa." Ta miƙa hannu. "Makullin."

Ya laluba aljihun wando ya ciro. Ya juya shi sau biyu, kamar zai ce wani abu, sannan ya ajiye mata a tafin hannu. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya dube mu ni da Boniface.

"Ku shaida, ba ƙwacewa ta yi ba. Murabus na yi."

"Mun shaida," muka ce.

"To, tsohon sarki," in ji Iya Fathia, "ɗaga ƙafa, zan yi shara."